Rawanin Barau Mai Shela

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Waca ya san Barau mai shela. Gadon gidansu ne, kakansa ya yi, ubansa ya yi. Da can in ya tsaya a tasha ya dafe kunne ya ɗaga murya, har masu shanu a ƙarshen kasuwa sai sun waiga. Amma shekara talatin na shan sigari sun cinye muryar nan, ta koma kamar ta tsohon zakara.

Ba shi kaɗai ke da laifi ba, mu ma da namu. Al'adarmu ce, duk inda mai shela ya tsaya, masu sana'a su ba shi ɗan ihsani. Mai ƙosai ta ba shi ƙosai, mahauci ya miƙa tsire. Masu tebur kuwa sigari suke soka masa a naɗin rawani yana tsakiyar magana, ba ya ko juyowa.

Wata safiya Maigari ya kira shi. A gefe ga Raliya, majo, wato shugabar asibitin garin, mace mai fara'a amma ba ta ɗaukar wargi. Ta ce dokar ƙasa ce ake so kowa ya ji: ba shan taba a asibiti, a lakwal wato makaranta, ko cikin mota, kuma ba a sayar wa yara. Za a yi shelar kasuwa huɗu a jere.

Barau ya ce, "An gama," sai tari ya sarƙe shi.

Raliya ta dube shi. "Baba, da wannan muryar? Ran kasuwa ta huɗu zan tsaya wajen masu shanu. In ban ji ka ba, sai a ɗauko mai babur da lasifika."

Barau ya fita, ya san in lasifika ta shigo, gadon gidansu ya ƙare a hannunsa.

Ran kasuwa ta farko ya fito da ƙarfinsa. Ya yi shela a tasha, ya yi a layin masu tebur, ya yi gaban runfar mahauta. Abin da ya ba shi mamaki, ko'ina ya tsaya sai dariya. Yana cewa "taba na kisa," mutane na riƙe ciki. Sai ga matarsa Tabawa ta ajiye ƙwaryar furarta ta tare shi.

"Malam, don Allah cire rawanin nan ka gani."

Ya cire. Sigari goma sha ɗaya, a jere kamar haƙoran mataji! Masu tebur sun yi abin da suka saba, ba wanda ya tsaya ya yi tunani. Ni dai ban taɓa ganin kunya ta kama dattijo irin ta ranar ba, har tausayi ya ba ni, ko da yake na fi kowa dariya.

Hassan mai tebur ya ce, "Haba Baba, ai ba a mayar da kyauta."

"Ba mayarwa zan yi ba," in ji Barau. Ya kakkarya su ya zuba a kwata, ya dafe kunne da muryarsa ta tsohon zakara: "Jama'a, ga shela ta biyu, wannan tawa ce! Daga yau ihsanin mai shela dabino ne. Wanda ya ƙara soka mini taba, sai na yi shelar sunansa!"

Daga ranar shi ma ya bar shan sigari, kwanakin da suka biyo baya kam ba daɗi. Ya yi faɗa da jakinsa, ya yi faɗa da buta. Tabawa ta yi ta dafa masa citta da zuma tana shan tsawa, ba ta ko kula shi. Duk ran da sha'awar sigari ta taso masa, sai ya tafi wajen majo, ta zaunar da shi ta yi ta jan sa da hira har abin ya wuce. Sannu a hankali tarin ya ragu.

Ran kasuwa ta huɗu Raliya ta wuce wajen masu shanu, Barau ya tsaya a tasha ya dafe kunne. Ya ja numfashi, ya ji ya shiga har ƙasan ƙirji. Ya saki murya.

Kasuwa ta yi tsit. Can daga nesa sai wani dillalin shanu ya ƙwala, "Mun ji! Majo ta ce a rage mana murya!"

Tasha ta kaure da shewa, Hassan ya riga kowa soka dabino a rawani. Barau na cikin amsa barka sai ga Tabawa ta iso da gudu, hannunta duk garin gero, don ranar ba ta fito talla ba.

"Malam, ina daka a tsakar gida na ji ka," ta ce, tana dariya tana share ido. "Rabona da jin muryarka daga gida tun shekarar da muka haifi Fadi."