Sai da Izinin Stamatia

Jirgin ruwan bai gama barin gaɓar Uranupoli ba, Pelagia ta dawo da zancen.

"Matar Yaya, kalma ɗaya ce fa. Ki ce kin yarda, shi ke nan, kowa ya huta."

"Na ji," in ji Stamatia. Ta ci gaba da ɓare lemonta tana jefa ɓawon cikin teku.

"Tun jiya kike cewa kin ji. Wannan jin naki ne ban gane kansa ba."

Matan cocinmu ne suka haɗa tafiyar, kamar yadda suka saba duk lokacin zafi: mota guda cike da tsofaffi, Fada Nikitas limamin cocin a kujerar gaba yana gyangyaɗi. Sun hau matakalan gidajen zuhudu na Meteora, inda masu gudun duniya ke zaman ibada, har gwiwoyinsu suka yi tsami, sun kunna kyandir a duk inda aka tsaya, sun ci naman duk wadda ba ta zo ba. Yau ne ƙarshen yawon, wato zagaya Dutsen Atos ta ruwa. Ta ruwa, domin dutse ne na gidajen zuhudun maza zalla, mace ba ta taka wannan ƙasa. Jirgin da ya ɗauko mata ma daga nesa yake bi, su hango su koma. Sauran matan kallo ne ya kawo su. Stamatia kuwa kowa a motar ya san abin da ya kawo ta, shi ya sa tun daga gida ake bar mata kujerar taga, ana miƙa mata biskit ba ta tambaya ba.

Mijinta Argiris, yayan Pelagia, yana kan dutsen. Shekarun baya ya rataya 'yar jaka ya ce zai je ziyara, zai dawo kafin ƙarshen mako. Ya bar mata zaitun ba a tsinke ba, ya bar mata uwarsa a kwance, rabin jikinta ya shanye. Stamatia ce ta yi ta juya tsohuwar, tana kwashe mata kashi da fitsari, tsohuwar na zaginta da rabin bakin da ya rage mata, wai baƙin halinta ne ya kori ɗanta. Pelagia, 'yar cikin tsohuwar, sai ranar Lahadi take leƙowa da kek, ta tsaya daga bakin ƙofa ta toshe hanci. Da tsohuwar ta cika, Argiris bai zo jana'iza ba. Waya ya yi wa Fada, ya ce a gaya wa mutanen gida yana addu'a.

To amma mai aure ba ya zama ɗan zuhudu sai da izinin matarsa. Sai ta furta ta yarda kafin a yi masa aski, a sa masa baƙar riga, a raɗa masa sabon suna. Stamatia ba ta taɓa furtawa ba. Don haka Argiris yana nan a matsayin ɗan jira, da furfurarsa, yana faskare yana wanke tukwane. Samarin da suka zo bayansa duk an yi musu riga, shi ke sunkuyawa ya sumbaci hannunsu. Yanzu kuma ciwo ya ci huhunsa, likita ya ce da wuya ya ga lokacin sanyi. Abu ɗaya yake roƙo, ya mutu cikin rigar, a binne shi a can. Shi ya sa aka shirya yau zai biyo 'yan zuhudun da ke fitowa da kwale-kwale su tari jirgin, don dattijon da ke shugabantar gidan zuhudunsu ya ji daga bakinta a gaban Fadan garinta.

"Wannan rinin gashi kuma fa?" in ji Pelagia, tana duban kanta a kaikaice. "Ga shuɗiyar riga. Biki za mu?"

"Wurin mijina za ni."

"Mijinki. Allah ya kyauta."

Abin da Stamatia ba ta gaya wa kowa ba shi ne, ta zo ne da niyyar yarda. Ta gaji. Fushin ma ya tsufa tare da ita, wani lokaci sai ta nemo shi da ƙyar. Ta ce a ranta, in ya kira sunanta ya ce yaya kika yi, ko da sau ɗaya, za ta sake shi ya tafi.

Lasifikar jirgin ta fara ambaton gidajen zuhudun dutsen ɗaya bayan ɗaya, da ƙarnin da aka gina kowanne. Masu yawon buɗe ido suka yi ca a gefen hagu, jirgin har ya ɗan karkata. Wasu na jefa wa tsuntsayen teku burodi. Stamatia ta tashi ta kama ƙarfen baranda. Ga gini a manne da dutse can sama, barandunsa na katako suna reto bisa ruwa, ga gonakin inabi a jere, ga daji kore shar yana gangarowa har bakin teku, ruwan kuwa garai-garai har ana ganin duwatsun ƙasa. Ta so a ce wurin mummuna ne. Da ta tarar da kango mai duhu da wari, da ta ji sanyi a ranta. Ashe duk shekarun da take shanya zanen gadon uwarsa, wannan yake buɗe ido ya gani da safe.

Jirgin ya rage gudu. Wani kwale-kwale mai inji ya taho daga gaɓa, baƙaƙen riguna a ciki. Matanmu suka hau gyara ɗankwali suna ture juna. Aka taimaka wa 'yan zuhudun suka hau, suka shimfiɗa jan ƙyalle a kan tebur, suka buɗe akwatunan azurfa masu ƙasusuwan waliyyai. Nan da nan layi ya miƙe, mai kuka na yi, mai shiga gaban wata na yi.

Fada Nikitas ya yafito Stamatia. Can bayan jirgi aka kai ta, tsakanin ƙofar banɗaki da tulin akwatunan lemon kwalba, inda ƙasa ke jiƙe kuma injin ke ruri. Wani dattijo mai farin gemu yana tsaye. A bayansa ga wani mutum cikin tsohuwar rigar aiki mai toka-toka, ta yi masa yawa, wuyansa kamar na figaggiyar kaza. Sai da ya yi tari ta gane shi. Tausayi ya kama ta.

"'Yata," in ji dattijon, "kin san abin da ya fito da mu."

"Shi ba shi da baki ne, Baba?"

Argiris ya matso, idonsa a kan takalminsa. "'Yar'uwa," ya ce.

"'Yar'uwarka ga ta can tana share hawaye. Da ni kake?"

"Ki yi masa uzuri," in ji dattijon a hankali. "Ya daɗe bai ɗaga ido ya dubi mace ba."

Argiris ya gyara murya. Da jin yadda maganar ke fita, ka san ya daɗe yana bitarta.

"Na zo ne in gaya miki na yafe miki. Shekarun nan da kika ɗaure ni, na ɗauke su horo ne daga Ubangiji, ban riƙe ki ba. Kullum ina sa ki cikin addu'a, Allah ya sassauta miki zuciya."

Stamatia ta dube shi. Ta dubi Fada Nikitas, wanda ya sami abin kallo a kan igiyar jirgi.

"Wato kai ne ka yafe min," ta ce.

"Har zuciyata."

"Ka san yadda uwarka ta mutu?"

"Ta huta. Na yi mata abin da ya kamata a nan."

"Sunanka take kira. Da na sunkuya in ba ta ruwa, sai ta cije ni. Ga tabon." Ta miƙa masa hannu. Bai duba ba.

"Ladan naki ne," ya ce. "Da ban tafi ba, da ba ki same shi ba. Ki gode wa Allah."

A nan ne tausayin ya fita daga jikinta, kamar an zare toshiyar baho. Ba ta ji zafi ba, ba ta ji kuka ba. Wata irin natsuwa ta ji, har ta lura matan cocinmu sun bar layin waliyyai sun taru a bakin matakala, kowacce na yi kamar banɗaki take jira.

"To," ta ce. "Abin da ka zo nema, ka roƙa."

Ya waiwayi dattijon. Dattijon ya gyaɗa kai. Argiris ya dafa akwatin lemo ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kai goshinsa ƙasa dab da takalminta.

"Ki sake ni, don Allah."

"Ban ji ba. Injin nan ya cika ƙara."

Ya ɗaga murya ya maimaita, tari ya sarƙe shi a tsakiya. Ya yi ta yi har bayansa na girgiza, ya goge baki da hannun riga, jan abu ya ɓata ta. Wani baƙo mai gajeren wando ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, a zatonsa ibada ce.

"Matar Yaya, ya isa haka," in ji Pelagia.

"Ke kin saba tsayawa daga bakin ƙofa, ki tsaya a nan." Stamatia ba ta ko waiwaya ba. "Argiris, wa kake roƙo? Ba ni da suna?"

"Stamatia."

"Ɗago ka dube ni."

Ya daɗe kafin ya ɗago. Ta duba cikin idanun da kyau, don kada ta zalunce shi. Bai ga gashin ba, bai ga rigar ba, bai ga yadda ta tsufa ba. Bakinta kawai yake kallo, yana jiran abin da zai fito. Ta sunkuya ta gyara masa wuyan riga da ya lanƙwashe, ta kaɗe masa wani ɗan zare a kafaɗa.

"Ban yarda ba," ta ce.

Matan matakala suka yi ajiyar zuciya tare. Pelagia ta dafe ƙirji.

"Muguwa. Dama Mama ta faɗa. Ta faɗa tun ranar da aka kawo ki."

"Ta faɗa kam. A kunnena ta yi ta faɗa, ke kina gidanki."

"Stamatia, a ji tsoron Allah," in ji Fada Nikitas, da muryar wanda ya fi son a ce yana gida.

Dattijon ya ɗaga masa hannu. Bai yi fushi ba, ya ga irin wannan da ma waɗanda suka fi shi. "'Yata, ki duba shi. Mutuwa zai yi."

"Na gani, Baba. Shi ya sa nake so mu yi magana tun yanzu, kada a zo ana ja-in-ja. Tunda ba ɗan zuhudu ba ne, mijina ne. Ranar da ya cika, a yi min waya. Ni ke da gawarsa. Ba sai na taka muku dutse ba, zan zo da mota in jira a gaɓar Uranupoli, ku miƙo min shi."

Argiris ya kama gefen rigarta. Ita ce taɓawar farko tun tafiyarsa.

"Kada ki yi min haka."

"Akwai wuri kusa da uwarka, tana ta nemanka dama. Ɗaya gefen kuma nawa ne." Ta zare rigarta daga hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa. "Za mu daɗe tare, Argiris."

Jirgin ya yi ƙaho. Aka rufe akwatunan azurfa, aka naɗe jan ƙyalle. Wasu samari biyu masu baƙar riga suka tallafo Argiris ta hammata, suka sauke shi cikin kwale-kwalen kamar buhu. Pelagia ta bi su har bakin tsani tana kiran Yaya, Yaya, bai amsa mata ba.

Stamatia ta haura sama. Matan da ke kan bencinta suka tattara jakunkunansu suka koma wani wuri. Ta wuce su ta je baranda. Kwale-kwalen ya juya ya nufi gaɓa, duk masu baƙar riga sun fuskanci dutsen. Mutum ɗaya ne ya ba shi baya. Argiris na zaune a ƙarshen kwale-kwalen, kansa a ɗage, ya zuba mata ido ko ƙiftawa ba ya yi.

Ta ɗaga hannu ta yi masa sai ka dawo.