Sunan da Malam Ɗahiru Ya Ƙi Kira

A Gwandu, a shekarun da Nasara suka fara aiko masu ƙidayar shanu rugage, babu wanda ake kai wa ɓacin rai kamar Malam Ɗahiru. Miji da mata in sun kaure da faɗa, ko makiyayi da manomi in sun ɗaga sanda, zaurensa ake nufa. Sai ya ce na tsaye ya zauna, a yi alwala, kowa ya yi shiru ya saurari numfashin kansa tukuna. Sannan kowa ya faɗi abin da ke cin ran abokin faɗansa, ba nasa ba. Dabarar tana ci, wannan babu musu. Sai dai yabo ya shiga kan Malam, har tafiya ma a hankali yake yi don a gani a yaba.

To, mutumin nan mai tausayin gari duka yana da ɗan fari, Mamman. Bisa al'ada, tun yaye aka miƙa shi ga gwaggonsa Kulu a Kalgo, kuma uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Kowa na wannan kunya, amma kowa na sassautawa in ido ya ɗauke. Ban da Malam, shi naɗa ta ya yi kamar rawani. Mamman ya girma, ya zama masunci. In ya zo gaisuwa da busasshen kifi, sai Malam ya gyaɗa masa kai, ya ce da na kusa ya tambayi "wancan" yaya ruwa. Jama'a kuwa su yi ta cewa kai, Malam akwai kunya!

Rannan da hantsi Kulu ta sauka daga jaki, ƙafa duk ta kumbura. Ta ce masassara ta kwantar da Mamman, ido ya fara dushewa, kuma babu abin da yake tambaya sai ko babansa zai zo.

Malam yana son yaron, so na gaske. Amma zaure cike yake, ana shari'ar akuyar da ta ci waken maƙwabci. Ya zabura saboda ɗan fari, ana kallo? Ina! Ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi yadda yake koyarwa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kan akuya.

"Yaya, mi kaka jira?" in ji Kulu. "Ɗanka na fa."

Ya ce ta natsu, gaggawa ba halin manya ba ne. Ta dube shi sheƙeƙe, ta juya jakinta ko ruwa ba ta sha ba. Aka sasanta masu akuya, suka fita suna shi masa albarka. Washegari aka kawo rigimar iyakar gona, ita ma ya tsaya ya kashe ta. Sai da ya tabbata garin Gwandu kaf ya shaida bai girgiza ba, sannan ya ɗaura wa jaki akumari.

Ya sami Mamman a bukka bakin fadama, ya rame kamar kara, ido a buɗe ba ya gani. Kulu na zaune tana kore masa ƙuda, ba ta ko ce wa yayanta sannu da zuwa ba. Malam ya durƙusa. Ya nemi numfashin nan da yake raba wa mutane, bai same shi ba. Ya waiga, babu mai kallo, babu mai yabo. Tsoro ya kama shi, ya buɗe baki da kyar.

"Mamman. Mamman, ga ni."

Mara lafiya ya juyo da kai, ya kasa kunne, ya daɗe yana neman mai muryar. Sannan ya laluba hannun Kulu.

"Gwaggo, wane baƙo na ka kirana? Ki sallame shi. Baba nika jira."