Ƙafa ta Huɗu a Kujerar Baba Admin

A zaurenmu na kafintoci da ke cikin waya, mu ɗari huɗu da 'yan kai, sunana Ba-Ƙusa. Shekara shida ina amsa sunan nan da ɗaga kafaɗa, don a wurinmu babu abin alfahari kamar ka haɗa kujera katako ya shige cikin katako ya riƙe kansa, ba ƙarfe ko ɗaya. Wanda ya raɗa min sunan shi ne Baba Admin, dattijon da ya buɗe zauren, wanda hoton kowa ba ya fita sai ya duba shi.

Dokarsa guda ce: in ka turo hoton aikinka, sai ka kifa shi ka nuna ƙasansa. Ya ce saman na mai saye ne, mu ƙasan muke son gani.

Ni ban taɓa zama gaban wani ya koya min aiki ba. Bidiyo na kalla, na yi ta ɓarnar katako har hannuna ya ɗan faɗa. Shi ya sa haɗina kullum da ɗan sako-sako. Maganin da na samo shi ne siririyar ƙusa: in buga ta a karkace, in nutsar da kanta, in kwaɓa gam da garin katakon in rufe ramin, in goge. Sai in kifa aikin in ɗauki hoto da gaba gaɗi.

Ran nan Baba ya turo saƙon murya. Ya ce idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi kallon waya, zai sauka. Ya ce ranar sallama ni zai miƙa wa zauren. Nan take Mai Gadaje, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya kawo shawarar a yi wa Baba kujerar hutawa, kuma ai an san wanda zai yi ta.

Na yi wa kaina alkawari wannan karon ba ƙusa. Kwana tara ina fama. Ƙafa uku suka shiga ramukansu cif, har na ji kamar in kira maƙwabta su shaida. Ta huɗu kuwa na zarce wurin sassaƙa, ta shiga tana rawa kamar haƙorin tsoho. Katakon mai kyau ya ƙare, sallama kuma gobe.

Da rana matata ta shigo shago da ruwa ta same ni a tsugune.

"Baban yara, tun safe kake hararar ƙafar kujerar nan. Zagin ka ta yi?"

"Tambaya nake yi wa kaina. In ka ɓoye abu ga wanda ba ya gani, don kada ya faɗi ya karye, yaudara ka yi ko tausayi?"

"In za ka buga ƙusar ka buga. Ka fi awa ɗaya riƙe da guduma."

"Wa ya yi miki maganar ƙusa?"

"Bangon ɗakina da na shagonka ɗaya ne. Shekara shida ina jin ƙwas-ƙwas sau uku, sai shiru, sai ka fito kana yi wa yara wa'azin gaskiya."

Tana fita na buga. Na zaɓi tausayi, tunda shi ne ba ya buƙatar sabon katako.

Washegari mu biyar muka je gidan Baba, sauran suka biyo mu ta kiran bidiyo, 'yarsa tana riƙe da wayar. Aka ajiye kujerar a barandarsa, Mai Gadaje ya miƙe ya fara jawabi, 'yar ta juya wayar wajensa. Wani mutum da aka ba kyautar kujera zama zai yi a kai. Baba kafinta ne, sai ya kifa ta ya sunkuya yana bin haɗin da yatsa.

A wuyansa akwai mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika ya ɗaura da igiya, da shi yake tsince ƙusoshi a ƙasa tun da ido ya fara ba shi wahala. Ya wuce ƙafa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, abin yana lilo. Yana kaiwa ta huɗu sai ya yi tsalle ya manne, ƙas.

Baba ya cire shi a hankali. Ya sake mannewa. Sai ya dunƙule shi a tafinsa ya ɗago yana murmushi.

"Aiki ya yi kyau, ɗana," in ji shi.

A zatona ba wanda ya lura sai ni. Da ya tona ni da na san yadda zan yi, don na daɗe da tanadin hujjoji. Rufin asirin ne ya ƙi zama min a ciki. Da aka zo miƙa zaure, Baba ya ce in matso, sai na ji bakina ya buɗe.

"Jama'a, ku dakata. Akwai ƙusa a kujerar nan. Kuma duk aikin da na taɓa turo muku akwai ta."

Na sunkuyar da kai ina jiran salati. Sai na ji wayar ta ɗauki hayaniya, mutum wajen sittin suna dariya a lokaci ɗaya.

"Guda nawa?" in ji Mai Gadaje.

"Ɗaya."

"Ɗaya tak? Kai, a tafa masa! Teburin nan naka na bara mun ƙirga bakwai."

Na dubi Baba. Yana share hawayen dariya.

"Ɗana, gam da garin katako ba ya shan mai kamar katako. Kana shafa mai sai wurin ya yi ɗigo baƙi. Tun hotonka na farko muka gani. Na ce maka Ba-Ƙusa don ka ji kunya ka daina, sai na ji labarin ka rubuta sunan a allon shago."

"Da jan fenti," Mai Gadaje ya ƙara.

Na ce to a ba wani zauren, ni ban cancanta ba. Na fara bayani a kan amana, har na kawo kashi na biyu, Baba ya ɗaga hannu.

"Ka ga, ni idona ya tafi. Zauren nan yana buƙatar wanda ya san duk lungun da ake ɓoye ƙusa, kuma a nan babu kamarka." Ya cire igiyar ya rataya min a wuya. Sannan ya juya kujerar ya zauna, ya jijjiga ta hagu da dama. "Ikon Allah. Ta huɗun nan ta fi sauran ƙarfi."

Ina isa gida na buɗe waya a matsayin sabon admin. Hoto ɗaya ne ke jiran izini, 'yar Baba ta turo shi, ashe ita ma ta lura har ta ɗauka da tata wayar: kujerata a kife, mayen ƙarfe manne a ƙafarta, ni a gefe baki buɗe. Ya cika doka, ƙasan aiki ya fito sarai. Na zauna ina auna ko sakin hoton gaskiya ce, ko kuwa wani sabon neman suna ne da tuba. Na kai la'asar ban yanke ba. Matata ta zo wucewa, ta leƙa, ta sa yatsa ta danna, ta ce in tashi in gyara mata ƙofar kicin, kuma in sa ƙusa yadda ya kamata.