Ranar da Malam Bang Ya Sa Wando Mai Furanni

Min-gu ne ya fara sauka daga bas, da madubin hangen nesa a kafaɗa. Ya hau matakalar katangar teku da gudu. Yana kaiwa sama ya tsaya cik.

Babu ruwa. Laka ce shimfiɗe, toka-toka, har inda ido ya ƙare. Can nesa akwai wasu fararen ɗigo, kamar an watsa gishiri.

'Yan ƙungiyar kallon tsuntsaye suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, su goma sha uku, kowa cikin riga mai launin ƙasa don kada tsuntsu ya tsorata. Goggo Eom, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai riƙe da kwandon abincinsu, ta kare rana da tafin hannu.

"Min-gu, ina ka kai mana tekun?"

"Ƙarfe sha ɗaya ruwa zai cika," in ji shi.

"Yanzu sha ɗaya saura kwata. A tasi zai zo?"

Ya zaro kalandar masunta, mai nuna lokacin cikar ruwa na kowace rana, daga aljihu. Ta karɓe, ta ɗora yatsa, sai ta yi tsaki. Kowace rana a kalandar lamba biyu gare ta, babba ta lissafin rana, ƙarama ta lissafin farin wata. Ƙaramar ya bi. Yau ruwa ba zai kawo ba sai huɗu da rabi.

Min-gu ya karɓi kalandar, ya mayar aljihu. Wannan ne karo na farko da aka bar masa shirya tafiya, kuma ba tafiya ce irin ta kullum ba. Malam Bang, wanda ya kafa ƙungiyar, idonsa na hagu ya mutu tun bara. Gobe da safe za a yi wa na dama aiki, kuma likita bai yi alkawarin komai ba. Yau ƙarfe biyar na yamma ake jiransa a asibiti, tafiyar kuma awa biyu da rabi ce. Abu ɗaya ya roƙa: ya sake ganin masu bakin ludayi, fararen tsuntsayen nan masu baƙar fuska, kafin su tashi zuwa kudu. In ruwa ya cika, yakan koro su har gindin katanga. Nan ne kaɗai idonsa zai iya kaiwa.

Malam Bang ya hauro a hankali, direba Gwak na riƙe da gwiwar hannunsa.

"Suna nan?" ya tambaya.

Kowa ya juya ya dubi Min-gu.

"Suna nan, Malam," in ji Min-gu. "Amma suna nesa. Na yi kuskuren rana."

Tsohon ya shaƙi iska, ya yi murmushi. "Na ji ƙamshin laka tun daga ƙasa. Ba komai. Mu ci dafaffen ƙwan da muka zo da shi."

Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Min-gu ya jingine madubin, ya sauka ta ɗaya gefen ba tare da ya san inda za shi ba.

A bakin gangare wata ƙaramar tarakta na tsaye da amalanke a bayanta. Mata masu tonon ƙumba, 'yan halittun nan masu ɓawo da ke ɓuya cikin laka, suna loda raga da ƙananan fartanyoyi. Wadda ke kan sitiyari tsohuwa ce gajera, da wando ja mai manyan furanni da malafa mai faɗin baki. Sauran na kiranta Mal-sun.

Min-gu ya rusuna mata. "Inna, kuna wucewa kusa da fararen can?"

"Masu lailayar baki a ruwa? Kullum. Har hanya muke roƙonsu."

"Ba sa tashi?"

"Don me? Mu ba ma kallonsu. Ku ne kuke tsayawa ƙiƙam kamar turakun lantarki, kuna nuna su da bututu. Ko ni ce sai in tashi."

Matan suka kwashe da dariya. Min-gu ya faɗa mata komai, a gajarce: idon, asibitin, kalandar. Ta ɗaga kai ta dubi katangar.

"Wane ne? Mai farin gashin?"

"Shi."

"Kuma kai ne ba ka iya karanta kalanda ba."

"Ni ne."

"To, kawo su. Amma ba da waɗannan riguna na zaman makoki ba. Tsuntsayen nan kayanmu suka sani."

Daga rumfar ajiya aka fito da buhu guda na wanduna da malafuna. Goggo Eom ta ɗaga wani ruwan hoda mai furanni rawaya, ta miƙa wa Malam Bang da hannu biyu kamar lambar yabo.

"Malam, shekara talatin kana hana mu sa ja."

"Na karanta a littafi ne," in ji shi, yana zura ƙafa.

"Littafin bai taɓa tonon ƙumba ba," in ji Inna Mal-sun.

Wandon direba Gwak ya tsaya masa a ƙwauri. Ya ce duk wanda ya ɗauke shi hoto da ƙafa zai koma gida. Nan take mutum biyar suka ɗauka.

Taraktar ta shiga laka tana tari. Suka cushe a amalanke, gwiwa da gwiwa, ana miƙa dafaffen ƙwai da naɗin shinkafa daga hannu zuwa hannu. Min-gu bai ci ba. Idonsa na kan fararen ɗigon, suna girma.

Kusa da wani ɗan rafi da ruwa ya bari, Inna Mal-sun ta kashe inji.

"Kowa ya duƙa. Ga fartanya. Ku yi ta tono, kada wanda ya miƙe. Kai mai kalanda, riƙe tsohonka."

Suka duƙa, suna matsawa kaɗan-kaɗan a cikin matan. Laka ta kama takalma. Bayan Min-gu ya fara ciwo. Wani tsuntsu ya ɗaga kai ya dube su, Min-gu ya mayar da ido kan fartanyarsa. Tsuntsun ya mayar da bakinsa ruwa, ya ci gaba da lailayawa, dama, hagu, dama.

Taku ashirin ne tsakaninsu. Ko madubi ba a kafa ba.

Malam Bang ya durƙusa a lakar, ya ture malafa baya. Sai leɓensa ya fara motsi, yana ƙirga.

"Arba'in da huɗu," ya ce a hankali.

"Arba'in da uku," in ji Goggo Eom. "Sau biyu na ƙirga."

"Akwai ɗan bana a bayan na ƙarshe. Bakinsa bai gama baƙi ba."

Suka jira. Na ƙarshen ya gusa, sai ga ƙaramin ya fito yana karkaɗe fiffike. Goggo Eom ta toshe bakinta da hannu mai laka. Dariya ta bi layin a ƙasa-ƙasa, kafaɗu na rawa, ba mai ikon ɗaga murya. Min-gu ya sunkuyar da kai, ya yi ta tono a wurin da babu komai.

Ƙarfe biyar saura minti goma bas ta tsaya a ƙofar asibiti. Min-gu ya ɗauko jakar Malam da wandonsa na gaske, a ninke.

"Malam, ka canja a mota. Mutane na kallo."

Tsohon ya sunkuya, ya kawo idon dama kusa da gwiwarsa, ya daɗe yana duban furannin.

"Rawaya ne, ko?"

"Rawaya ne."

"Bar ni da shi," ya ce, ya nufi ƙofa, laka na zuba daga ƙafarsa a kan farin daɓe.