Wanda Ake Kira Mishari

Ranar Asabar aka buga hoton yayana Mishari a jarida, shi ne na goma sha ɗaya a jerin waɗanda gwamnati ke nema bayan tashin bam a Riyad. Hoton katin shaidarsa ne, tun bai tara gemu ba. Na duba, na sake dubawa, ban ji komai ba. Abin da ya faɗo mini a rai ma shi ne ban mayar da littafin laburare ba.

Watansa takwas da barin gida. Kafin ya tafi ya daina cin abinci tare da Baba, wai albashin kamfanin mai haram ne, kuma sarkin da ya shigo da sojojin kafirai ba shi da mubaya'a a wuyan kowa. Ni bai taɓa yi mini wa'azi ba. Rezar fiƙe fensirina kawai ya ara, ya kankare hoton sarki daga littafina na tarihi, a hankali, don kada shafin ya huje.

A Asabar ɗin, bayan la'asar, Baffa Mut'ib ya zo. Ya ƙi zama, ya ƙi gahawa.

"Abu Mishari," ya ce da Baba, sai ya yi turus kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. Shekara ashirin da huɗu da sunan ɗan fari kowa ke kiran Baba, har Umma. "Jibi dattawan ƙabilarmu za su je wurin gwamna sabunta mubaya'a. Kafin nan sanarwarka ta fito a jarida. In ba haka ba ka manta da katin shiga kamfani, Badar kuma ya kwashe kayansa daga makarantar soja."

Badar ne ke bin Mishari. Saura wata huɗu ya gama.

Baba ya ce shi ba zai iya rubutawa da hannunsa ba. Baffa ya hango ni a bayan ƙofa.

"Ke Nuwayyir, ɓeran littattafai, shigo. Yau dai karatun nan naki zai yi rana."

Na durƙusa da takarda da biro.

"Rubuta. Ni, Humud ɗan Sa'ad, ina shaida wa Allah da shugabannin ƙasa cewa na barranta daga..." Ya tsaya yin tari. Hannuna bai tsaya ba, na rubuta *ɗana*.

Ya leƙo. "Wane ɗa? Cire. Ki sa: wanda ake kira Mishari."

"Baffa, ai kowa ya san..."

"Don kowa ya sani ne ma. Ko kin fi 'yan jarida Larabci ne, malama?"

Na dubi Baba. Yana ta jera ƙwallayen dabino a gefen faranti, ɗaya bayan ɗaya.

"Yi yadda baffanki ya ce," ya faɗa, bai ɗago ba.

Biro ba ya goguwa. Na buɗe jakar fensirina na zaro rezar.

"Ke, ɗauki wata takardar mana! Takarda ta ƙare a ƙasar nan ne?"

Na riga na fara. Na kankare kalmar a hankali, na hure ƙurar. Takardar ba ta huje ba. Baba ya sa hannu, Baffa ya ninke ta ya fita.

Sanarwar ta fito ranar Litinin da sassafe, a ƙasan tallan na'urar sanyaya ɗaki. Baba ya tafi aiki, katinsa ya buɗe ƙofa kamar kullum. Badar ya bugo waya ya ce ba wanda ya ce masa komai. Da Umma ta sauke shinkafar kabsa ta buɗe baki za ta kira Baba, sai ta rufe, ta ce wa bango, "Abinci ya yi."

Ranar Juma'a ina bakin taga da littafi, shafi ɗaya tun safe. Baba na wanke mota. Maƙwabcinmu ya fito ya ɗaga masa hannu.

"Abu Badar! Barka da Juma'a!"

Baba ya ci gaba da goge gilashi.

"Abu Badar!"

A kira na uku Baba ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani a tsaye. Ba kowa. Ya kashe famfo, ya amsa.