Kyandirin Profesa Bârsan

Veturia ta turo ƙofa da kwanon miya a hannu, ta tarar da gado wayam. Profesa Octavian Bârsan, mutumin da likita ya ce ba zai ga ƙarshen mako ba, babu shi, babu takalman robarsa.

Kai, wannan tsoho! Shekara da shekaru yana koyar da likitancin dabbobi a jami'a a birnin Cluj, ranar hutu ya dawo ƙauye yana cusa hannu a cikin shanun mutane, amma a ce ya kwanta ya mutu kamar kowa, abin ya gagara. Ita kuwa ta yi wa marigayiya matarsa alkawari, hannu a kan gicciye, cewa ba za ta bari ya cika babu kyandir a hannunsa ba. Wanda ya tafi ba kyandir, a duhu zai yi ta lalube a lahira, wannan ko yaro ya sani a ƙauyensu. Shi ya sa tun da ya kwanta take yawo da kyandir da ashana a aljihu, barci ma rabi da rabi. Shi kuma sai tsiya yake mata, wai idonsa garau yake, zai gane hanya.

Ba ta sha wahalar nema ba. Kukan saniya ne ya kai ta gidan maƙwabcinsu Gligor, wanda ya tare ta a tsakar gida yana rantse-rantse cewa shi bai kira shi ba. Wai ta katanga kawai ya ambata cewa saniyarsa na naƙuda tun safe, ɗan ya zo a karkace.

"Ta katanga, saitin tagar mara lafiya? Allah ya isa, Gligor."

A bakin ɗakin shanu ta sami Profesa, daga ciki, zaune a kan bokiti da aka kife, rigar barci a ƙarƙashin kwat. Fuskar nan ta koma kamar toka. Dokta Sanda, likitar dabbobin yankin, tsohuwar ɗalibarsa, mace mai furfura da jikoki, tana durƙushe hannunta cikin saniya har kafaɗa, shi kuma yana mata tambayoyi sai ka ce ranar jarrabawa. Me ta taɓa? Gwiwa ce ko dunduniya? Ta tabbata, ko cinta take yi kamar yadda ta saba a aji?

Veturia ta yi faɗa, ta yi magiya, ta ce ya tashi a mai da shi gado. Ko kallonta bai yi ba. Sai ta ji numfashinsa ya canza, irin canjin da ta sani. Ta zaro kyandir, ta zaro ashana.

A nan ne ya ɗago ido.

"Veturia, wuta a cikin busasshiyar ciyawa? Fita da ita."

"Mutuwa fa kake yi, Octavian!"

"Na sani. Fita da ita."

Haushi ya turnuƙe ta har hawaye suka zubo. Ta so ta kwaɗa masa kyandirin a ka. Amma ciyawa ce jibge har rufi, ga saniya ɗaure, ga Sanda a ƙasa. Ta ja da baya zuwa dokin ƙofa, ta kunna a waje, ta miƙa hannun dama can tsakar gida. Da na hagu ta laluba ta kamo nasa, ta riƙe gam. Ko hakan ya wadatar, ba ta sani ba, kuma ba ta da niyyar tambayar limamin coci.

"Na samu ƙafar, Profesa," in ji Sanda.

"To ja, a hankali."

Maraƙin ya sulluɓo kan ciyawa yana atishawa. Sanda ta juyo don ta ji abin da zai kushe, ba ta ji komai ba.

Veturia ba ta motsa daga bakin ƙofar ba. Hannunsa ya yi nauyi a cikin nata, kakin kyandir yana ɗiga a kan yatsunta, saniya tana ta lasar ɗanta.