Gwajin Kwana Talatin

"Ba wannan ba, Direba! Na kusa da shi. Shekara arba'in kana riƙe da sitiyari, maɓalli ɗaya ya gagare ka?"

"Sitiyari ai ba shi da 'yan'uwa ɗari," na ce, na danna. Rubutu ya shiga gudu a fuskar kwamfutar, shi kuma ya mai da kai kan matashi yana haki.

Maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa. Mai Gwaji muke ce masa. Tun da ya ajiye aiki ya jera tsofaffin kwamfutoci huɗu a ɗakinsa, gadon ma sai a rakuɓe. Ni bokona bai yi nisa ba, amma ya fahimtar da ni: wata manhaja ce mai mai da kwamfuta ɗaya gidan haya, a yanka ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗan haya yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Ba ta da mai ita. Kamar rijiyar unguwa take, kowa ya ɗiba, mai hali ya yashe. Shi tasa yasar ita ce gwaji. Shekara goma sha ɗaya, duk gyaran da aka yi sai ya bi ta injinansa.

To, sai ya gano ɓaraka. In aka tashi ɗan haya daga wannan inji zuwa wancan, wani lokaci kayansa kan lalace a hanya, kuma a tsofaffin injuna kaɗai. Manyan aikin suka ce su ba su gani a nasu ba. Wai ya kawo hujja cikin kwana talatin, ko a rufe maganar, a daina kula da tsofaffin injuna gaba ɗaya.

"Ƙananan asibitoci da makarantu da me kake zaton suke aiki?" in ji shi. "Da irin waɗannan. Amma kada ka damu, ɗana na nan. Ya ce ba za a rufe ba sai na gama."

Wannan ɗa ba haifarsa ya yi ba, ko fuskarsa bai taɓa gani ba. Ta saƙo ya koya masa aikin tun bai san komai ba, ga shi yanzu shi ke yanke hukunci a ɓangaren. Na yi lodi a tashoshi da yawa, na san yadda alkawarin wanda ya hau kujerar gaba yake.

Ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi ya ci gaba da cinsa. Hannunsa ya daina kaiwa teburin, sai na zama hannun. Kowace safiya in shigo, ya faɗa, in danna. 'Yarsa tana faɗa: "Baba, likita ya ce ka huta!" Ya ce, "Direba ne ke aikin, ni fasinja ne."

Ran kwana na ashirin da huɗu, da hantsi, ya ce in gyara masa matashi. Na gyara. Ya ce, "Kada a kashe inji na biyun nan." Daga nan bai ƙara magana ba.

Ban bari an kashe ba. Masu gaisuwa na shiga suna fita, ni ina tsaron wayar wutar injin kada ƙafar wani ta fizge ta. Kwana uku bayan rasuwar, jan rubutu ya cika fuskar injin, irin wanda ya ce in jira. Na ƙwala wa yarinyar kira.

"'Yata, zo ki aika! Ga hujjar, ɓarawon ya faɗa rami, da sauran kwana uku."

Ta zauna ta buɗe akwatin saƙonnin babanta. Ta daɗe tana karatu.

"Baba Direba, an rufe maganar."

"Yaushe?"

"Tun kwana na goma. Wai babu sauran mai kula da irin waɗannan injuna."

"Babu? Wa ya rubuta?"

Ta nuna min da yatsa. Ban iya karanta sunan ba, amma daga yadda ta cije leɓe na gane ɗan nan nasa ne.

"Shi marigayin ya gani?"

"An buɗe saƙon tun ranar, a wayarsa ta hannu. Shi kaɗai ke taɓa ta."

Wato mako biyu yana sa ni danna maɓalli, yana ce min ɗansa na nan.

Duk da haka ta aika hujjar, ta haɗa da labarin rasuwar. Kafin in tashi amsa ta iso, layi biyu. Ɗan nasa ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, marigayi mutumin kirki ne. Amma abin da aka rufe ya rufu.

"Ko 'Baba' bai ce ba," in ji ta.

Ta dubi wayoyin da suka sarƙe a bayan teburin, ta rasa wadda za ta kama. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na zare su ɗaya bayan ɗaya. Ta inji na biyun na bari ƙarshe. Fankar cikin injin ta yi ta juyawa ita kaɗai, tana rage gudu, har ta tsaya. Sai a lokacin na ji ashe famfon tsakar gida yana ɗiga.